Ina Ruwan Fasto da Siyasa?

Duk lokacin da wani Bishop ko Rabaran ya fito ya caccaki gwamnati, ko aka ga hoton shugabannin CAN suna murmushi a fadar shugaban ƙasa, sai musu ya ɓarke a ɗakunan kwananmu da teburin mai shayi. Wani ya ce ina ruwan Fasto da siyasa, ya tsaya kan bagadinsa mana. Wani ya ce a'a, ai shirun da suka daɗe suna yi ne ya kawo mu inda muke. Da yawa daga abokan karatunmu Musulmi kuma suna ɗaukar CAN tamkar jam'iyya mai shugaba ɗaya, wanda in ya ce a tashi, kowane Kirista a ƙasar nan sai ya miƙe. Ni Kirista ne, a ikilisiyar da ake sujada da Hausa na girma, kuma na lura ko mu da ke ciki ba kowa ya san yadda abin yake tafiya ba. Shi ya sa na ga ya dace in yi amfani da wannan fili na mujallarmu in ɗan warware zancen, domin in za mu yi musu, a ƙalla mu san a kan me muke yi.

Wa ake nufi da shugaban coci?

Mu fara da cewa babu wani abu guda ɗaya mai suna "coci" a Najeriya. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, wato CAN, inuwa ce da rukuni biyar suke zama a ƙarƙashinta. Akwai Katolika. Akwai majalisar tsofaffin ɗarikoki irin su Angilika da Methodist da Baptist. Akwai 'yan Pentikostal. Akwai ikilisiyoyin da 'yan Afirka suka kafa da kansu, cikinsu har da masu fararen riguna da ake gani a Kudu. Sai rukuni na biyar, TEKAN da ECWA, wanda a nan ne mafi yawanmu Kiristocin Arewa muke. TEKAN ma sunan Hausa ne, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Najeriya, kuma a cikinta ake samun COCIN da EYN da LCCN da HEKAN da sauransu.

CAN ba ta da ikon canza wa Fasto wurin aiki, ba ta iya tuɓe shi, ba ta kuma tsara wa kowace ɗarika abin da za ta koyar. Shugabanta na iya yin magana a Abuja yau, gobe wani Bishop ya fito ya faɗi akasin haka, kuma babu abin da zai same shi.

Yadda shugabanni ke hawa kujera ma ya bambanta ƙwarai. Bishop na Katolika Paparoma ne ke naɗa shi, ba ya aure, ba shi da 'ya'yan da zai nema wa aiki a ma'aikata, kuma sai ya kai shekara 75 yake miƙa takardar ritaya. A ECWA da COCIN da EYN zaɓen shugaba ake yi, na wa'adi, a majalisar wakilai. Fasto a ECWA majalisar gunduma ce, wadda muke kira DCC, ke tura shi inda zai yi aiki, albashinsa kuma daga baiko da zakkar membobi yake fitowa. A yawancin cocin Pentikostal kuwa, wanda ya kafa shi ne wuƙa shi ne nama. Na kawo wannan ne saboda yana taimaka mini in na ji wani malamin coci yana zancen gwamnati. Nakan tambayi kaina, wa ke ciyar da shi, kuma wa ke iya cire shi? Sau da yawa amsar tana bayyana dalilin da ya sa wani ke da ƙarfin baki, wani kuma ke taka-tsantsan.

To, me Littafi ya ce?

Kowane ɓangare na da ayoyinsa, shi ya sa musun ba ya ƙarewa. Masu cewa a bar siyasa sukan kawo labarin da ke Matiyu sura 22, inda aka zo wa Yesu da tambayar tarko a kan biyan haraji ga Kaisar. Ya sa aka kawo masa kuɗin, ya tambayi hoton wa ke jiki, sannan ya bambance haƙƙin sarki da haƙƙin Allah. Sukan ƙara da Romawa sura 13, inda Manzo Bulus ya gargaɗi masu bi su yi biyayya ga hukuma, su biya haraji. Kuma fa sarkin Roma a lokacin Nero ne, wanda ba wanda zai kira shi adali.

Ɗaya ɓangaren ma ba su rasa hujja ba. Annabi Natan ya shiga har gaban Sarki Dauda ya ba shi labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiyar talaka guda ɗaya tak. Da Dauda ya fusata ya yanke hukunci, sai Natan ya nuna masa cewa kansa ya yanke wa. Yohanna Mai Baftisma ya rasa kansa saboda ya tsauta wa Hirudus a kan auren matar ɗan'uwansa. Yusufu da Daniyel sun riƙe manyan muƙamai a gwamnatin sarakunan da ba addininsu ɗaya ba.

Amma ni labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Amos sura 7, wanda ba a cika wa'azi a kansa ba. Amos makiyayi ne, ya zo Betel yana faɗa a kan masu danne talakawa da masu algus a ma'auni. Sai Amaziya, firist na Betel, ya aika wa Sarki Yerobowam cewa ga wani nan yana ƙulla masa makirci. Ya kuma kori Amos, ya ce ya koma ƙasarsu ya nemi abincinsa a can, domin wannan wurin sujadar na sarki ne. Ka lura, dukansu biyu mutanen addini ne, dukansu kuma suna cikin harkar mulki dumu-dumu. Ɗaya yana kare fada, ɗaya yana faɗa wa fada gaskiya. Amaziya ma zai iya rantsewa cewa shi ba ruwansa da siyasa, zaman lafiya kawai yake nema. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma wani lokaci bafaden da rigar limanci yake zuwa.

Yadda aka faro a Arewa

Turawan mishan da suka kawo bishara yankinmu ba su zo da niyyar siyasa ba. 'Yan SIM, waɗanda ECWA ta fito daga aikinsu, sun sauka Legas a 1893. 'Yan SUM sun isa Wase a 1904. Waɗanda suka kafa tushen EYN sun fara a Garkida a 1923. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita musu shiga masarautun Musulmi, bisa alkawarin da Gwamna Lugga ya yi a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addinin jama'a ba. Saboda haka suka fi mai da hankali kan Filato da Kudancin Zariya da Adamawa da Binuwai da ƙasar Tangale, Hausa kuma ta zama harshen sujada a wurare da dama, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Da yawansu sun koya wa iyayenmu cewa siyasa abin duniya ce, mai bi na ƙwarai ya nisance ta. Har yau akwai tsofaffi a ikilisiyarmu da ke kan wannan ra'ayi.

Sai dai makarantun da suka buɗe sun yi wani aikin da ba su shirya masa ba. Da aka fara zaɓe a shekarun 1950, wa ya iya karatu da rubutu a waɗannan ƙauyuka? Mai bishara, da malamin makarantar mishan, da ma'aikacin asibitin mishan. Dole su aka tura gaba. Dakta R.A.B. Dikko, Kirista daga Wusasa kuma likita na farko ɗan Arewa, shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda daga baya ta zama NPC. Sunansa ne asibitin Barau Dikko na Kaduna ke ɗauke da shi. A ɗaya gefen kuma Fasto David Lot na Panyam ya jagoranci ƙungiyar ƙananan ƙabilun tsakiyar Najeriya, wadda ta haɗu da wata a 1955 aka sami UMBC, jam'iyyar da Joseph Tarka ya riƙe daga baya. Ka ga ke nan tun fil azal Kiristocin Arewa ba a jam'iyya ɗaya suke ba.

A 1964, lokacin da Sardauna Ahmadu Bello ke rangadin kiran jama'a zuwa Musulunci, shugabannin ikilisiyoyi suka kafa Ƙungiyar Kiristocin Arewa domin su riƙa magana da murya ɗaya. Bayan yaƙin basasa gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan da dama, abin da ya yi wa ikilisiyoyi ciwo sosai. CAN kanta an haife ta ne ranar 27 ga Agusta, 1976. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kira shugabannin ɗarikoki taro a barikin Dodan da ke Legas, da suka fito sai suka wuce sakatariyar Katolika suka zauna su kaɗai, suka yanke shawarar kafa ƙungiya. Kadinal Dominic Ekandem ne shugabanta na farko. Wato gwamnati ce ta fara tara su a ɗaki ɗaya, ba tare da ta san abin da zai biyo baya ba.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa bi da bi: muhawarar kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a majalisar tsara tsarin mulki a 1978, sai shigar Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a Janairun 1986 zamanin Janar Babangida, ba tare da an yi wa jama'a bayani ba. Wannan ne ya mai da CAN daga ƙungiyar tarurrukan addu'a zuwa mai fitar da sanarwa a jaridu. Kowane ɓangare ya riƙa kafa hujja da sashe na 10 na tsarin mulki, wanda ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa, kowa kuma da irin fassarar da yake yi masa.

Abin da ya faru a Maris ɗin 1987 ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Rikicin Kafanchan a Kwalejin Ilimi ya fara, a wurin wani taron ɗalibai Kirista, daga gardama a kan abin da mai wa'azi ya faɗa. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina, aka rasa rayuka, aka ƙona wuraren ibada. Ɗalibai ne irinmu, a makaranta irin tamu. In na ji wani yana cewa musun ɗakin kwana ai wasa ne, wannan nake tunawa.

Masu magana, masu sulhu, masu takara

Wasu shugabannin coci da baki suke shiga harkar jama'a. A 1995, zamanin Janar Abacha, lokacin da ake kama 'yan jarida ana tsare su, Bishop-bishop na Katolika suka tsara wata addu'a ta musamman domin Najeriya da ke cikin ƙunci, aka riƙa karanta ta a majami'unsu a duk faɗin ƙasa. Addu'a ce, ba wanda zai kama ka don ka yi addu'a, amma kowa ya san abin da take nufi. A ganina wannan na cikin misalai mafi kyau na yadda ibada kanta ke zama magana ga masu mulki, ba tare da an ambaci sunan kowa ba.

Wanda ya fi shahara a wannan fanni shi ne Bishop Matthew Hassan Kukah, ɗan ƙasar Zangon Kataf, Bishop na Sakkwato tun 2011. Ya kasance mamba a kwamitin Oputa da ya binciki take haƙƙin ɗan Adam bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, ya kuma yi sakataren taron gyaran siyasa na 2005. Saƙonsa na Kirsimetin 2020, inda ya zargi gwamnatin Buhari da fifita 'yan yankinta a naɗe-naɗe, ya tayar da ƙura har wasu suka nemi ya bar Sakkwato, fadar shugaban ƙasa kuma ta fito ta ce ba wanda ke da ikon korarsa. Na san a cikin masu karanta wannan akwai waɗanda ba sa ko son jin sunansa, akwai kuma masu ganin bai taɓa kuskure ba. Ni ma'aunina ɗaya ne, a kansa da a kan kowa: shin bakin da ya buɗe lokacin da Musulmi ke kan mulki, yana buɗe shi daidai haka in Kirista ne a kai? Wanda ya ci wannan jarrabawa, ko ban yarda da maganarsa ba, zan saurare shi.

Wasu kuma aikin sulhu suka kama. Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na Kaduna a da jagororin matasa ne masu gaba da juna. A rikicin Zangon Kataf na 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, daga baya suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinan biyu. Suna cikin waɗanda suka yi ƙoƙari har malamai 22, goma sha ɗaya daga kowane ɓangare, suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agustan 2002. Gaskiya ita ce bayan wata uku kacal rikicin gasar sarauniyar kyau ya ɓarke a garin. Takarda ba ta kashe wuta nan take, amma mutanen ba su watse ba, suka ci gaba har zuwa Yelwa da Shendam. A matakin ƙasa akwai majalisar NIREC da aka kafa a 1999, wadda Sarkin Musulmi da shugaban CAN ke jagoranta tare. Akwai kuma Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar, wanda Kukah ke haɗa kan taronsa, da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da Kadinal John Onaiyekan a ciki. Su ne suka tsaya kan yarjejeniyar da Jonathan da Buhari suka sa wa hannu kafin zaɓen 2015.

Sai waɗanda suka ce magana ta isa, bari su shiga fagen da kansu. A 1992 jihohi biyu sun sami malaman coci a matsayin gwamna: Rabaran Fada Moses Adasu a Binuwai, da Rabaran Jolly Nyame a Taraba. Adasu bai cika shekara biyu ba soja suka rushe gwamnatin, amma a zamaninsa aka kafa Jami'ar Jihar Binuwai, kuma har yau ana ambatonsa da alheri a can. Nyame ya dawo ya yi shekara takwas daga 1999 zuwa 2007. A 2018 wata babbar kotu a Abuja ta same shi da laifin karkatar da kuɗin jiha ta ɗaure shi shekara 14, kafin a yi masa afuwa a 2022. Riga iri ɗaya, sakamako daban. Duk mai ce maka ka zaɓi wane domin "bawan Allah ne", ka tuna masa da waɗannan biyun.

Katolika dai dokarsu ta hana limami riƙe muƙamin mulki, tana nan a doka ta 285 cikin kundin dokokin cocin. Shi ya sa da Fada Hyacinth Alia ya fito takarar gwamnan Binuwai, Bishop ɗinsa na Gboko ya dakatar da shi daga hidimar bagadi a 2022. Ya ci zaɓe a 2023, yana mulki, amma cocin ba ta ce ɗan takararta ba ne. Wasu ɗarikokin ba su da irin wannan doka. Farfesa Yemi Osinbajo Fasto ne a cocin Redeemed, ya yi mataimakin shugaban ƙasa shekara takwas.

In baki ya ci

Akwai ɓangaren da mu Kiristoci ba mu cika son a taɓo a gaban baƙi ba, amma ɓoye shi ba zai amfane mu ba. A farkon 2013 aka ji cewa Katolika sun janye daga harkokin CAN a matakin ƙasa na wani lokaci, cikin dalilansu har da kusancin shugabancin ƙungiyar da gwamnati. A Satumban 2014 hukumomin Afirka ta Kudu suka kama dala miliyan 9.3 a cikin wani jirgin sama mai alaƙa da shugaban CAN na lokacin, Fasto Ayo Oritsejafor. Gwamnati ta ce kuɗin sayen makamai ne, shi kuma ya ce jirgin yana hannun wani kamfani da ya ɗauke shi haya, bai san da zancen ba. Ko da an karɓi bayanin nan yadda yake, sunan ƙungiyar ya riga ya taɓu. A Yulin 2022 kuma, wurin gabatar da Kashim Shettima a matsayin mataimakin Tinubu, aka ga wasu mutane cikin rigunan Bishop, CAN ta ce ba ta san su ba. Mun sha dariya a WhatsApp, amma abin takaici ne a ce rigar ta zama kayan da ake ɗauka haya.

A ƙasa ma haka abin yake, sai dai kuɗin ya fi ƙanƙanta. Wa bai taɓa ganin ɗan takara ya zo sujadar godiya ana saura wata biyu zaɓe ba? A zaunar da shi a gaba, a ba shi makirfo ya "gai da ikilisiya", ya yi alkawarin kwanon rufi ko bas ɗin Zumuntar Mata. Na ga an yi haka a wata majami'a da na sani, rufin ya hau kuwa. Bayan shekara biyu da aka daina biyan malaman firamare albashi a yankin, cikinsu har da dattawan wannan ikilisiya, ba a ji ko uffan daga bagadi ba. In baki ya ci, ido kan ji kunya.

Haka nan masu annabcin wanda zai ci zaɓe. Kowane zagaye sai sun fito, kowa da wanda "Ubangiji ya nuna masa", kuma ba su taɓa haɗuwa a kan mutum ɗaya ba. In ya faɗi, sai a yi shiru, a jira zagaye na gaba. Wannan yana zubar da darajar sunan Allah a idon yara masu tasowa fiye da duk abin da wani na waje zai faɗa a kanmu.

Duk da haka, kafin wani ya ce to ai shi ke nan, kowa ya koma bagadi ya yi shiru, ya dubi EYN. Ikilisiya ce da tun asali koyarwarta ta ƙin ɗaukar makami ce. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne. A Oktoban wannan shekara Boko Haram ta mamaye hedikwatarta a Kwarhi, shugabanninta suka yi hijira zuwa Jos. A Janairun 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi, Fastonta kuma shugaban CAN na ƙaramar hukumar Michika, aka kashe shi. Musulmin yankin ma sun binne nasu ba adadi, malamai da limamai a ciki. Yanzu ka ɗauki Faston da ke irin wannan wuri. Da safe ya yi jana'iza, da rana ya zauna da gwauruwa yana koya mata gafara, abin da ya fi kowane aiki wuya a hidimarsa. Da yamma kuma membobi su tambaye shi ko za su iya zuwa gona gobe. In ya je wurin shugaban ƙaramar hukuma ko kwamandan soja neman tsaro, ko ya yi magana da 'yan jarida, siyasa ya yi ko kiwon tumaki? Ni ban ga inda za a sa wuƙa a raba biyun ba.

Inda nake ganin iyakar take shi ne tsakanin magana a kan al'amari da tallar mutum. Fasto ya yi wa'azi a kan rashin biyan albashi, da satar kuɗin asibiti, da sayar da ƙuri'a, da kisan rai ko na waye. Ya tura membobi su yi rajista su karɓi katin zaɓe. Amma ranar da ya ɗaga hoton ɗan takara a bagadi, ya raba ikilisiyarsa, domin a kan benci ɗaya akwai 'yan jam'iyyu uku ko huɗu, kuma dukansu tumakinsa ne. Doka ma ta hana. Sashe na 92 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya haramta amfani da wuraren ibada wajen kamfe ko tallata ɗan takara ko sukarsa, coci ne ko masallaci. Ana karya ta kowane zaɓe a ɓangarorin biyu, kowa kuma na ɗaya gefen kaɗai yake hangowa.

Mu dawo gida. FCS, zumuntar ɗalibai Kirista da aka fara a Gindiri a 1957, da MSS da aka kafa a Legas a 1954, su ne ƙungiyoyin da suka fi kowace tara ɗalibai a makarantu irin tamu, kuma 'yan takarar ƙungiyar ɗalibai sun san da haka. Shi ya sa in zaɓe ya matso za ka ga wanda bai taɓa leƙa zumunta ba ya fara zuwa da babban Littafi a hammata, ana tashi kuma saƙo ya fara yawo cewa "namu ne, kada a bari su karɓe". Na tabbata 'yan'uwanmu Musulmi sun san irin nasu saƙon. Alhali abin da shugaban ƙungiya zai yi mana bai wuce ruwa a ɗakunan kwana, da wuta lokacin jarrabawa, da sakamakon da ya maƙale, da lissafin kuɗin da ake cira a rajistarmu kowace shekara ba. Famfon da ya ƙafe bai tambayi kowa addininsa ba kafin ya ƙafe.

Shawarata ga shugabannin zumunta da na MSS ita ce su yi a nan abin da kwamitin Abdulsalami ke yi a Abuja. Su haɗu su kira dukan 'yan takara zauren lacca, ba majami'a ko masallaci ba, a rana ɗaya, a gaban kowa. A sa su sa hannu cewa ba za su yi kamfe da addini ko ƙabila ba. Sannan a ba ɗalibai makirfo, a fara da tambayar nawa ƙungiya ta tara bara, da inda kuɗin suka tafi.